Baƙar Giyar Mossie Da Tulun Mai Allurar Shanu

Duk wanda ya zauna da Mossie Dineen ya san ba a cewa wani abu yana da wuya a gabansa. Kafin ka rufe baki zai gaya maka shi tun yana yaro ya iya, kuma wanda ya fara ƙirƙiro abin ma bai yi shi daidai ba. Manomi ne mai 'yan shanun tatsa a wani ƙauye bayan garin Skibbereen. Matarsa Goretti kuwa furfurarta rabi ta shekaru ce, rabi ta jin magana guda daga bakinsa: "Bar ni da shi."

Ɗansu tilo, Cathal, ya daɗe a Ostireliya yana aikin lantarki. Can ya auri wata ma'aikaciyar jinya mai suna Tegan, suka haifi 'ya mace. Wata safiya ya bugo waya ya ce za su zo a yi wa jaririyar baftisma a cocin da aka yi masa tasa. Sai ya rage murya.

"Mama, wannan tsakaninmu. Muna tunanin dawowa gida gaba ɗaya. Amma sai Tegan ta zo ta ga zaman da idonta. In ta ce a'a, shi ke nan, ba zan matsa mata ba."

Goretti ta ajiye wayar. Tun ranar da yaron nan ya tafi ba ta daina gyara masa gado ba. Ta leƙa ta taga, ta ga mijinta yana ɗaure ƙofar garke da tsohuwar ɗamarar wando.

Da ya shigo shan shayi ta zaunar da shi.

"Mossie, abu ɗaya nake roƙonka. Daga yau har baƙin nan su zo su ga gida, kada ka gyara komai. Kada ka ƙirƙiro komai. Ka tatsi shanunka, ka sa kwat ranar biki, ka yi shiru."

"Ni da ban cika magana ba?" in ji Mossie.

Da yamma ya tafi mashayar Nonie Hegarty, gwauruwar da ta gaji wurin daga mijinta kuma ta fi shi iya riƙewa. Ta zuba masa baƙar giya kamar yadda ake yi, ta tsaya kafin kofi ya cika, ta bar ta ta kwanta, sannan ta ƙarasa. Mossie ya ɗaga kofin wajen taga, ya rufe ido ɗaya.

"Nonie, giyar nan ta rame. Da can in ka sha kofi ɗaya sai ka ji kamar ka ci dankali da nama. Yanzu ga fuskar Batt nan ina gani ta cikinta."

Batt Sheehy, maƙwabcinsa da suka yi makaranta tare kuma tun lokacin ba su daina tsokanar juna ba, bai ko juyo ba. "To ka gode wa Allah, yau ka ga kyakkyawar fuska."

"In ba ta yi maka ba ka ajiye," Nonie ta ce. "Akwai masu ƙishi."

"Zan sha, don ban iya ɓarna ba. Amma ku ji da kyau. Ranar bikin jikata ɗigon giyar wurin nan ba zai shiga gidana ba. Da hannuna zan dafa. Mai jiki, mai nauyi, mai kumfar da za ka ɗora kwabo a kai ya yi barci."

"Kai da ko ƙwai ba ka iya dafawa?" in ji Batt.

"Ƙwai aikin kowa ne. Ni aikin da ya gagari kowa nake yi."

Labarin ya riga shi isa gida. Goretti ta kunna kyandir a gaban hoton Maryamu, ta ƙara na biyu don ta san ɗaya ba zai isa ba.

Washegari aiki ya kankama. Mossie ya ce baƙin giya daga ƙonannen sha'ir yake fitowa, don haka ya jira Goretti ta tafi kasuwa, ya shimfiɗa sha'ir a farantan burodinta, ya cusa a tanda, ya ƙure wuta. Sai wata saniya ta tsallake shinge, ya bi ta. Kafin ya dawo hayaƙi na fita ta taga da ƙofa har da ramin da kyanwa ke shiga. Maƙwabta suka taru da bokitai. Batt ne ya fara isa, ya watsa ruwa ta taga, ruwan ya sauka kan labulen da Goretti ta gama gugewa.

Mossie ya shiga cikin hayaƙin, ya fito da faranti yana tari, ya ɗauki ƙwaya ɗaya ya tauna. Hawaye ya cika masa ido.

"Daidai yadda nake so."

"Gawayi za ka sayar?" Batt ya tambaya.

"Jahili ke ganin gawayi. Mai ilimi launi yake gani."

Goretti ta dawo ta tarar da kicin ɗinta ya koma kamar maƙera. Ta sayo fenti, ta shafe bango da kanta, tana shafawa tana lissafin abin da Tegan za ta gani da abin da za a iya ɓoye mata.

Sai maganar jiki. Mossie ya ji an ce ɗan ots, irin wanda ake kunun safe da shi, yana sa giya ta yi kauri ta yi santsi a baki. Ya ce in kaɗan na da amfani, da yawa ai sai abin da ya ƙaru. Ya juye buhun gida duka cikin tukunyar da ake ɗuma wa maruƙa madara, ya ƙara da na maƙwabta da ya aro. Da abin ya dahu, muciyar da yake juyawa da ita ta tsaya cak a tsakiya, ya sake ta, ba ta faɗi ba.

Tacewa ta gagara. Rariya ta toshe, buhu ya toshe. Ya fita tsakar gida yana neman abin da zai yi, sai ya hango wani farin yadi mai ƙananan ramuka a kan igiyar shanya. Bai tambayi kowa ba. Rigar baftisma ce ta leshi, wadda kakar Goretti ta ɗinka, wadda aka sa wa Goretti, aka sa wa Cathal, wadda Goretti ta fito da ita daga akwati don ta sha iska.

Ta same shi a ɗakin tatsa ya ɗaure wuyan rigar da igiya, yana matse ta kamar hanjin rago.

"Mossie, mece ce wannan a hannunka?"

Ya duba. Ya ga 'yan hannaye biyu ƙanana suna lilo. Sannan ya ce, "Ai kakarki ta iya ɗinki. Ko ɗigo bai tsere ba."

Ta wanke, ta jiƙa, ta sake wankewa. Rigar ta tsaya a launin shayi mai madara, ta ƙi gaba ta ƙi baya.

Ya zuba ruwan a tsohuwar garwar madara ta ƙarfe, ya sa ganyen ɗaci da yis, ya lulluɓe ta da bargo a bayan ɗakin tatsa. Ta yi makonni tana gurnani. Karen gida ya daina bi ta wajen.

Ana saura kaɗan baƙi su iso, ya kira Batt ɗanɗano. Ya huda garwar ta ƙasa ya liƙa mata famfon da ya cire daga kwamin shanu. Ya murɗa. Aka jira. Can sai wani baƙin abu ya leƙo, ya yi tunani, ya sauko a hankali ya kwanta a kofi ba ƙara ba kumfa.

Batt ya kurɓa. Ya daɗe bakinsa na motsi.

"Mossie, sha ake yi ko taunawa?"

"Jiki ke nan. Ba ka saba ba, ruwan Nonie ya lalata maka baki."

"Rabin kofi na sha, ji nake kamar na ci abincin Kirsimeti. In na ƙarasa sai an kawo baro an mayar da ni gida."

"Abu ɗaya ya rage mata," Mossie ya ce, ya gyara tsayuwa kamar malamin makaranta. "Iska. Ba irin ta lemon kwalba ba, mai manyan ƙwayoyi da ke cizon harshe su kumbura maka ciki. Naitirojin. Ƙwayoyinta ƙanana ne kamar gari. Ita ke ɗaukar giya mai nauyi ta sa ta zame a maƙogwaro kamar kirim, har ka sha uku ba ka san ka sha ɗaya ba."

"Uku na wannan? Sai dai a kira Fadan coci ya yi mini addu'ar ƙarshe."

Mossie ya buga waya birni wurin masu sayar da iska. Suka tambaye shi irin gangarsa da irin famfonsa. Da ya ce garwar madara da famfon kwami, sai ya ji an kira wani an ce zo ka ji, sannan aka kashe waya. Ya haɗiye girman kai ya je wurin Nonie aron tukunyar iskarta ta yini ɗaya.

"Wace tukunya? Ta ramammiyar giyata?"

"Haba Nonie, wasa ne."

"Ni ma wasa nake. Ƙofa na bayanka."

Ya dawo ya gwada famfon keke. Giyar ta yi ɓul sau biyu ta koma barci. Sai ya tuna wani tsoho ya taɓa cewa in ka zuƙi giya kaɗan da sirinji ka harba ta da ƙarfi cikin kofi, kumfa na tashi. Sirinjin da ke gidan guda ne, babba, na ɗura wa shanu magani. Ya gwada, kuma ga mamakin kowa, kumfa ta taso fara sol ta zauna. Ya ruga ya jawo Batt daga gona.

Batt ya sha, ya lashe leɓe, ya ɓata fuska.

"Kumfa kam ta yi. Amma mene ne wannan ɗanɗanon kamar alli da kananzir?"

Mossie ya shinshina sirinjin. "Wataƙila ban ɗauraye sosai ba."

"Me ka ɗura da shi na ƙarshe?"

"Maganin tsutsar ciki."

Batt ya ajiye kofin a hankali. "To na gode. Ka hutar da ni zuwa asibiti har baɗi."

Ko da an wanke, sirinji ɗaya ba zai yi wa jama'ar biki ba, kuma Mossie ya riga ya yi alkawarin famfo. Yana cikin wannan tunani Dinny Coakley ya shigo da motarsa. Dinny shi ne mai yi wa shanun yankin barbara ta allura, ba sai an kawo bijimi ba. Ya buɗe bayan mota, ya cire murfin wani tulu mai ƙaton ciki da siririn wuya, farin hayaƙi mai sanyi ya malalo. Ya zaro ɗan siririn bututu kamar tsinken tsintsiya mai ɗauke da irin bijimi, ya nufi saniyar da aka kira shi dominta.

"Dinny, mene ne a tulun nan mai hayaƙi?"

"Naitirojin. Shi ke riƙe irin bijimai a daskare."

Mossie ya dafa mota. "Sake faɗi."

"Na ga idonka, Mossie. Na ji labarin garwarka. Wannan na ruwa ne, in ya taɓa yatsanka sai ya karye kamar biskit. Ba na kicin ba ne."

"Tambaya kawai na yi. Af, kana zuwa bikin ko? Ka zo da motarka, akwai wurin ajiyewa a bayan ɗakin tatsa."

Baƙi suka iso. Cathal ya yi ƙiba, ya rungume uwarsa har ƙafarta ta bar ƙasa. Tegan doguwa ce mai kaifin ido da ƙarancin magana. Ta gaida kowa da ladabi, ta dubi sabon fenti, ta dubi rigar leshi mai launin shayi, ta dubi garwar da ke lulluɓe da bargo, ba ta ce komai ba. Wannan shirun ya hana Goretti cin abinci. In Tegan ta ɗaga gira, Goretti ta ce a ranta shi ke nan sun tafi. In ta yi murmushi, ta ce wataƙila na ban kwana ne.

Ta tare ɗanta a bayan gida yana duba taraktan uban. "Me ta ce?"

"Ta ce wurin na da kyau." Ya sosa ƙeya. "Amma ta ce ku biyun da ƙarfinku, gona na tafiya, Baba na riƙe da komai. Ta ce ba ta ga abin da zai sa mu bar aikinmu yanzu ba. Wataƙila nan da wasu shekaru."

Goretti ta koma kicin ta yanka albasa, don in an ga hawaye a ce albasa ce.

Ranar biki aka tashi da ruwan sama, kamar yadda kowa ya zata. Aka yi baftisma lafiya, jaririya ta ci sunan Sorcha, ta yi atishawa a fuskar Fada Crowley, kowa ya ce alheri ne. Teburan da aka shirya a waje aka kwaso su ciki, jama'a suka cika kicin da falo, kwat na ɗiga, tagogi sun yi gumi. Naman alade da kabeji da dankali, ga kek mai hawa biyu da Goretti ta yi a tsakiyar tebur. Nonie ma ta zo, ta ce ba za ta bari a ba ta labari ba.

Lokacin da Dinny ya duƙufa kan faranti na biyu, Mossie ya zame. Ya buɗe bayan motar, ya sa safar hannu ta tanda, ya rungumo tulun zuwa inda garwa take. Ludayi ya ƙi shiga wuyan tulun, don haka ya karkata shi gaba ɗaya ya tuttula. Hayaƙi ya turnuƙe ɗakin har bai ga hannunsa ba. Ya ji wasu 'yan abubuwa suna faɗawa ciki, ƙyas ƙyas, ya ce ƙanƙara ce. Ya danna murfin garwa, ya buga shi da guduma, ya ɗaure da igiyar ciyawa ta sama da ƙasa don kada iska mai tsada ta tsere. Ya mayar da tulun, ya ɗora garwar a baro, ya turo ta har tsakiyar kicin.

"A ba da hanya. Nonie, matso gaba, yau za ki koyi sana'arki."

Garwar ta yi fari da raɓa mai daskarewa. Wani siririn fito na fita ta gefen murfi. Karen gida ya tashi daga ƙarƙashin tebur ya fita cikin ruwan sama da kansa.

"Mossie, me ya sa take kuka?" Goretti ta tambaya.

"Ba kuka ba ne, numfashi ne. Giya mai rai ke nan."

"Baba, me ka zuba a ciki?" in ji Cathal.

"Sirrin sana'a. Kai dai riƙe kofi."

Tegan kuwa ta miƙe. Ta ɗauki 'yarta, ta ja hannun Goretti, ta koma da su bakin ƙofar falo, ta tsaya ta ba garwar baya.

Mossie ya yi jawabi. Ya yi maganar kakanninsa, waɗanda a cewarsa sarakuna ke aiko musu a dafa giya. Ya ce yau za a ga bambancin giyar da aka dafa da zuciya da wadda ake kawowa a mota. Yana magana fiton na ƙara tsini, igiyar ciyawa na ƙara miƙewa. Sannan ya kafa kofi a ƙarƙashin famfo ya murɗa. Ko ɗigo.

"Ta daskare," in ji Batt. "Ko kuma kunya take ji."

"Jira ake yi. Baƙar giya ba ta son gaggawa, ko Nonie ta san wannan."

"Ni tawa tana fitowa tukun a jira ta," Nonie ta ce.

Aka yi dariya. Wuyan Mossie ya yi ja. Ya waiga, ya ga butar shayi na tafasa a kan murhu. Dinny, wanda sai yanzu ya ɗago kai daga faranti ya ga farin hayaƙin da ke bin ƙasa, ya miƙe da cokali a hannu.

"Mossie, ajiye butar nan."

"Ɗan ɗumi kawai take so."

Ya kwarara tafasasshen ruwa a jikin garwar.

Igiyar ce ta fara tsinkewa. Murfin ya tashi da ƙara kamar an harba bindiga, ya fasa silin, ya dawo ya zauna daram a kan kek. Bayansa baƙar giya ta miƙe tsaye kamar itace, ta bugi sama, ta buɗe kamar laima, ta sauko kan kowa. Ba ruwa ba ce da za ta gangare ta wuce. Mai jiki ce. Inda ta sauka nan take zama. Ta zauna a kan sabon fenti, ta zauna a kan hular matar Batt, ta cika aljihun Fada Crowley, ta rufe masa tabarau. Kumfa kuwa ta ci gaba da fitowa daga bakin garwa, fara, mai kauri, tana bin ƙasa a hankali har ta kai idon sawu.

Da abin ya lafa ba ka jin komai sai ɗigar silin.

Fada Crowley ya cire tabarau ya share da gefen riga. "Na yi wa mutane da yawa baftisma," ya ce, "yau dai an rama."

Batt, wanda bai saki kofinsa ba duk wannan hargitsi, ya duba ya ga ya cika da kansa, har da kumfa a sama, ga kuma wani ɗan siririn tsinke a tsaye a ciki. Ya juya giyar da shi, ya kurɓa.

"Gaskiya dai ta fi ta rannan. Har da abin juyawa ka saya mana, Mossie?"

Sai kowa ya lura da tsinkayen. Suna kan tebur, suna cikin kabeji, ɗaya ya maƙale a gashin Nonie. Dinny ya tako cikin kumfa ya zare na kofin Batt, ya share, ya kai kusa da ido ya karanta ɗan rubutun da ke jiki. Ya zauna a kujera ba tare da ya duba ko akwai kujerar ba.

"Wannan na farin bijimin Faransa ne. Wanda ka sa na nemo maka tun bara, Batt, don jar karsanarka."

Batt ya dubi kofin, ya dubi Mossie. "Rannan ka ba ni maganin tsutsa. Yau kuma so kake in haihu?"

Dariyar da ta ɓarke har shanu suka amsa daga garke. Nonie ta riƙe ciki tana neman abin dafawa. Dinny kaɗai bai yi ba, yana tsintar tsinkaye ɗaya ɗaya yana kiran sunayen bijimai kamar mai karanta sunayen mamata, yana faɗin shanun wa da wa za su kwana ba ciki bana. Kowane suna ya kira, wani manomi ya daina dariya ya juyo ya dubi Mossie.

Mossie na tsaye a tsakiya, butar na hannunsa, kumfa ta yi masa rawani. Ya buɗe baki ya ce, "Kuskuren garwar ne," amma ko shi bai ji muryar da kyau ba.

Goretti ba ta ga silin ba, ba ta ga kek ba. Fuskar Tegan kawai take kallo. Bayan Tegan ya yi baƙi tun daga wuya har ƙafa, amma jaririyar ko ɗigo bai taɓa ta ba, barcinta take. Tegan ta miƙa wa Goretti ita, ta bi ɗakin mutum mutum tana duba ido da hannu, ta kama hannun Mossie ta juya ta ga yatsunsa sun yi fari a baki, ta tsoma su a ruwan ɗumi ba tare da ta nemi izininsa ba. Sannan ta juya wurin mijinta.

"Cathal, kai ka ce mini babanka na riƙe da komai."

"Ke kika ce."

"To na janye. Mama, haka yake yi kullum?"

Goretti ta so ta yi ƙarya. Ta buɗe baki, ƙaryar ta ƙi fitowa. "Wani lokaci ya fi haka, 'yata."

"Kuma ke kaɗai ce da shi a gidan nan?"

"Da kare."

"Karen ma ya gudu," in ji Batt.

Tegan ta share kumfa daga goshi. "Ba za a bar matar nan ita kaɗai da mutumin nan ba. Za mu koma mu sayar da gida mu tattaro kaya. Amma ɗakinmu a can ƙarshen gona za a gina shi, Cathal, inda murfi ba zai kai ba."

Goretti ta zauna a kan kujera mai kumfa, jikarta a ƙirji, ta yi kuka ba albasa.

Da jama'a suka watse, manoma suka tafi da Dinny waje suna maganar da ba a so Fada ya ji, aka bar Mossie da tsumma da bokiti. Ya goge tebur, ya goge ƙofa, ya ɗaga kai ya dubi ramin silin. Goretti ta shigo da tsintsiya. Bai iya haɗa ido da ita ba.

"Goretti, na ɓata miki biki. Na rantse miki, daga yau na bar ƙirƙire-ƙirƙire. Ba giya, ba gyara, ba komai. Zan zauna shiru kamar yadda kika roƙa tun farko."

Goretti ta leƙa falo. Tegan na can tana canza wa jaririya riga, Cathal na waya yana tambayar kuɗin jirgi. Ta jawo ƙofar a hankali, ta matso kusa da mijinta, ta rage murya.

"Kada ka yi saurin rantsuwa, Mossie. Bari su sayar da gidan can tukuna."